Kano Ta Jure Shekarun Bom, Amma Ina Labarin?

Wajen ƙarfe huɗu na yamma wani dattijo ya sauka daga adaidaita sahun da ta ɗauko shi daga Gyadi-Gyadi, ya kutsa cikin kasuwar waya ta Farm Centre. Ya ratsa 'yan kamashon da ke tarar mutum da "Alhaji, me za a kawo?", ya tsaya gaban teburin wani mai gyara. Daga aljihun gaba ya zaro wata 'yar takarda, ya warware ta a hankali kamar mai kwance laya. Memori ne a ciki, bai kai farcen babban yatsa ba. Ya ce hotuna ne da muryoyi da ya ɗauka tun zamanin bom, so yake a juye masa su a sabuwar waya.

Mai gyaran ya soka shi a kwamfuta, ya zare, ya hura masa iska, ya goga a gefen riga, ya sake sokawa. Shiru.

"Baba, wannan fa ya mutu. Sai haƙuri."

Yaron shagon, wanda bai fi shekara sha huɗu ba, ya ɗago kai daga wayar da yake liƙa wa gilashi. "Baba, wane bom ɗin?"

Dattijo bai kai ga buɗe baki ba ogan ya tare: "Kai, yi aikinka. Abin da ya wuce ya wuce. Allah dai ya kiyaye gaba." Kowa ya ce amin. A talabijin ɗin shagon da ke gefe kuwa ana nuno Yukren, wasu maza da mata a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, sun rungumi kayan kiɗa irin na goge, jama'a zaune kan barguna suna saurare. Wani mai sayar da caja ya ja tsaki. "Ji Turawa da neman suna. Ana ruwan wuta a kansu, su kiɗa ne ya dame su."

Maganganun nan biyu, ta ogan da ta mai caja, babu majalisar da ba a jin irinsu a Kano. Ɗaya na cewa tuna baya ba shi da amfani, ɗayar na cewa waƙa da littafi kayan ƙoshi ne, ba na ranar masifa ba. Su biyun ne suka haɗu suka haifar da wannan yaro, wanda ke neman abincinsa taku kaɗan daga inda aka zubar da jini har sau biyu, bai kuma san an yi ba.

1. Abin da titunan nan suka gani

Ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012, bayan La'asar, Kano ta girgiza. An kai hari hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, da ofishin shiyya ta ɗaya da ke kan titin BUK, da ofishin jami'an tsaro na farin kaya. A cikin ƙaramar hukumar Tarauni kuma aka afka wa caji ofis na Farm Centre da ofishin fasfo na shige da fice da ke kusa da shi. 'Yan sanda da kansu sun ce aƙalla mutum 185 aka kashe. A cikinsu akwai Enenche Akogwu, wakilin gidan talabijin na Channels, wanda aka harbe a yankin Farm Centre yana tsakiyar aikinsa. A daren aka sa dokar hana fita ta awa 24.

Bayan shekara guda cif, saura kwana ɗaya, ranar 19 ga Janairun 2013, aka buɗe wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero wuta kusa da Masallacin Murtala da ke Hausawa, gefen Zoo Road. Sarki ya tsira, direbansa da dogarai suka rasu. Cikin 'yan kwanaki gwamnati ta hana acaba a birni, sana'ar da dubban gidaje ke ci daga gare ta. A watan Maris na shekarar aka tayar da bom a tashar New Road ta Sabon Gari. Ranar 28 ga Nuwamban 2014 aka kai hari Babban Masallacin Juma'a na cikin gari, mutum fiye da ɗari suka rasu a sahu. Ranar 18 ga Nuwamban 2015 kuma 'yan mata biyu suka tayar da bama-bamai a cikin kasuwar waya ta Farm Centre ɗin nan, fiye da mutum goma suka mutu.

Waɗannan su ne kwanakin da jarida ta riƙe. Abin da ba ta riƙe ba ya fi yawa. Yadda mai babur kan sauka tun daga nesa ya tura abinsa har ya wuce shingen sojoji. Yadda ake laluben mutum a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Yadda fashewar taya a titin Zariya kan watsa teburin mai shayi. Yadda mata suka yi ta sintiri tsakanin Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala da hoton ɗa a hannu. Da yadda mutane suka daina ambaton sunan ƙungiyar da ke kai hare-haren a fili, sai dai a rage murya a ce "mutanen nan", don ba wanda ya san wa ke zaune a ƙarshen benci.

Duk wanda ya haura shekara ashirin da biyar a Gyadi-Gyadi ko Daurawa ko Unguwa Uku yana da nasa kason na wannan labari. Yawancinsu ba wanda ya taɓa tambayarsu.

2. Waɗanda suka riƙe gari a daren hana fita

Mai caja da ke yi wa makaɗan Yukren tsaki ya manta da abin da ya ɗebe masa kewa a nasa daren. Da aka kulle gari tun magariba, me ya rage wa mutane a cikin gida? Rediyo, inda ake karanta littattafan Hausa babi-babi. Faifan fim. Littafin da uwargida ta karɓo haya ta ɓoye ƙarƙashin filo. Waƙoƙin da masu turi ke loda wa mutum a waya kan 'yan canji. Har da barkwancin da ake yi wa shingen bincike, wanda shi ma magani ne, don wanda ya iya yi wa tsoronsa dariya ya rage masa kaifi.

Zoo Road, mai maƙwabtaka da Gyadi-Gyadi, ita ce cibiyar ofisoshin 'yan fim da ɗakunan ɗaukar waƙa. Titin da aka harbi motar Sarki a gefensa bai daina fitar da sauti ba. A 2014, shekarar da aka kai harin masallaci, aka buɗe katafaren kantin Ado Bayero Mall a kan titin, daga baya har da sinima a ciki inda aka riƙa haska finafinan Hausa. A shekarar ce kuma tashar Arewa24 ta fara aiki, kuma wasanta na Daɗin Kowa ya shiga gidaje da labarin wani gari mai kama da kowane gari, har ya taɓo yadda ake yaudarar matasa su ɗauki makami. A 2016, da BBC Hausa ta buɗe gasar Hikayata ta mata zalla, labarin da ya zo na ɗaya shi ne "Sansani" na Aisha Muhammad Sabitu, kan rayuwar 'yan gudun hijira.

Ke nan ba za a ce masu fasahar Arewa sun gudu daga fili ba. Sun tsaya, sun kuma riƙe mutane. Sai dai akwai bambanci tsakanin ɗebe kewa da ba da shaida. Na farkon an yi shi da kyau. Na biyun ne ke da giɓi. Mai neman littafin Hausa da ya tattara bakin mutanen da suka ga ranar 20 ga Janairu zai sha yawo a kasuwa. Abin da zai fi samu rahotannin jarida ne da takardun jami'a, yawanci da Turanci. Fitattun littattafan ƙirƙira da suka fito daga Arewa kan tashin hankalin wannan zamani, irin su "Born on a Tuesday" na Elnathan John da "Season of Crimson Blossoms" na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya ci kyautar NLNG a 2016, su ma da Turanci suke, kuma ba labarin Kano suke bayarwa ba. Sun kai Landan da Berlin. Ba su kai ɗakin matar da ke Darmanawa ba.

3. Littafin da aka binne a gindin bishiya

A nan ne labarin Yukren ke da abin koya wa Bakano.

Volodymyr Vakulenko marubucin littattafan yara ne, mazaunin wani ƙauye mai suna Kapytolivka kusa da garin Izium. Da sojojin Rasha suka mamaye yankin bayan ɓarkewar yaƙi ranar 24 ga Fabrairun 2022, sai ya riƙa rubuta abin da yake gani kullum a wani ɗan littafi. Da ya fahimci za a zo kama shi, ya naɗe littafin a leda ya binne a gindin bishiyar ceri a gidansu, ya gaya wa mahaifinsa inda yake. Washegari, a ƙarshen watan Maris, aka tafi da shi. An gano gawarsa a cikin kaburburan da aka tono a dajin Izium bayan an ƙwato garin.

A watan Satumba na shekarar, wata marubuciya mai suna Victoria Amelina, wadda ta ajiye rubutun ƙirƙira ta koma tattara shaidar laifukan yaƙi, ta je gidan. Ita da mahaifin Vakulenko suka yi ta tono har ta ci karo da ledar. Aka kai littafin gidan adana kayan adabi na Kharkiv, aka buga shi. Ranar 27 ga Yunin 2023 makami mai linzami ya faɗa kan wani gidan abinci a Kramatorsk inda take zaune. Ta rasu ranar 1 ga Yuli tana da shekara 37. Nata littafin da ba ta ƙarasa ba, wasu suka haɗa shi suka fitar a 2025. Wani ya binne, wata ta tono, wasu suka ƙarasa nata. Babu ɗayansu da ya jira gwamnati ta kafa kwamiti.

Makaɗan da mai caja ya gani kuwa, irinsu ne suka yi wasa a tashar ƙarƙashin ƙasa ta Kharkiv a watan Maris na 2022, inda ɗaruruwan iyalai ke kwana don gudun luguden wuta. A garin Ivankiv, da gidan tarihi ya kama da wuta a kwanakin farko na yaƙin, mutanen gari ne suka shiga suka fito da wasu zane-zanen Maria Prymachenko, tsohuwar mai zanen ƙauye da ƙasar ke alfahari da ita. A Odesa da Kharkiv da Kyiv an lulluɓe gumakan tarihi da buhunan yashi. A Mariupol, inda aka jefa bom kan gidan wasan kwaikwayo ranar 16 ga Maris duk da an rubuta kalmar "yara" da manyan haruffa a harabarsa, ɗan jarida Mstyslav Chernov da abokan aikinsa sun fito da hotunan da suka ɗauka a ɓoye, suka zama fim ɗin "20 Days in Mariupol" da ya ci kyautar Oscar a 2024. Ranar 23 ga Mayun 2024 aka kai hari maɗaba'ar Faktor Druk da ke Kharkiv, ma'aikata bakwai suka mutu, littattafai kusan 50,000 suka ƙone. Bayan kwanaki kaɗan aka baje ƙonannun littattafan a bikin baje kolin littattafai na Kyiv, mutane suka yi layi suna sayen waɗanda suka rage.

Ruwa ba ya tsami banza. Wannan naci yana da tushe. A 1863 da 1876 daular Rasha ta fitar da dokokin taƙaita buga littafi da harshen Yukren. A shekarun 1930 gwamnatin Stalin ta kama marubutan ƙasar da dama, aka harbe wasu fitattu a 1937, cikinsu har da mai shirya wasan kwaikwayo Les Kurbas. A Yulin 2021 Shugaba Putin ya wallafa doguwar maƙala yana cewa Rashawa da 'yan Yukren al'umma ɗaya ce. Mutumin da aka ce masa babu shi, littafinsa da waƙarsa su ne takardar shaidarsa. Shi ya sa yake shiga wuta ya ɗauko su.

Ba komai nasu ne abin koyi ba. Cikin zafin yaƙi sun kwashe miliyoyin littattafan Rashanci da na zamanin Tarayyar Sobiyet daga ɗakunan karatu, sun tumɓuke gumakan mawaƙi Pushkin a garuruwa da yawa, kuma a cikinsu ma akwai masu ganin an zarce. Abin ɗauka a wurinsu guda ne: ba sa barin wanda ya gani ya mutu da abin da ya gani.

4. Masu cewa a bar kaza cikin gashinta

Ogan shago ba wawa ba ne, kuma maganarsa tana da masu goyon baya. Bahaushe ya ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Akwai kuma wani dalili da ya fi wannan nauyi. Ɗan Yukren yana nuna yatsa ne ga sojan da ya tsallako iyaka. Bakano kuwa, wanda ya dasa masa bom yarensu ɗaya, alƙiblarsu ɗaya, wani lokaci ma layinsu ɗaya. Akwai gidajen da suka rasa ɗa a harin, akwai waɗanda ɗansu ne ya bi "mutanen nan", akwai kuma waɗanda jami'an tsaro suka ɗauke nasu da tsakar dare ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Dukkansu suna haɗuwa a masallaci guda da rijiyar burtsatse guda. Buɗe irin wannan labari ba wasa ba ne.

To amma shirun me ya saya? A Disambar 1980 rikicin Maitatsine ya ci mutum 4,177 a Kano, bisa ƙididdigar kwamitin binciken Mai Shari'a Aniagolu. Rahoton ya shiga kabad. Bayan shekara talatin da 'yan kai, da wuta ta sake tashi, matasan da aka ja cikinta ba su san yadda ta Maitatsine ta fara ba, balle yadda ta ƙare. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a cikin duhun ne mai yaudara ke samun almajirai.

Wasu kan kawo hujjar ƙaddara, su ce wanda ya yi tawakkali ba ya tone-tone. Amma malaman Sira da suka fi kowa sanin tawakkali sun jera sunayen waɗanda suka yi shahada a Badar da Uhudu, ɗaya bayan ɗaya, kowa da ƙabilarsa, har yau ana karantawa a zaurukan Kano. Ba wanda ke neman a sassaƙa gunki a shataletale. Suna a takarda ake magana, da labari daga bakin mai shi.

Sai masu cewa ana fama da kuɗin masara da na mai, wa ke ta littafi. Gaskiya ne tukunya ba ta jira. Amma ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, kuma wanda ke faɗar haka, a aljihunsa akwai waya cike da waƙoƙi da ya biya kuɗi aka tura masa.

5. Kakanni ba su yi shiru ba

Wanda ya ɗauka rubuta masifa ɗabi'ar Turawa ce bai leƙa taskar gidansu ba. Littafin Tarihin Kano, wanda ya jero sarakuna tun daga Bagauda, cike yake da yaƙe-yaƙe da Katsina da Kwararrafa, da shekarun yunwa, bai kuma ɓoye lokutan da Kano ta sha kashi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, ƙurar jihadi ba ta gama kwantawa ba. Ƙanwarsa Nana Asma'u ta zuba tarihin hijira da yaƙe-yaƙen cikin waƙa, ta kuma tura malamai mata da ake kira jaji zuwa ƙauyuka suna koyar da mata, cikinsu har da waɗanda yaƙin ya raba da gidajensu. A Kano, Alƙali Muhammadu Zangi ya rubuta yadda jihadin ya gudana a nan cikin Taƙyidul Akhbari.

Da Turawa suka ci Kano a Fabrairun 1903, Imam Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga da Kete-Krachi a ƙasar Gana ta yau, ya yi waƙoƙi kan zuwan Nasara, yana lissafa garuruwan da suka faɗi. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, da aka tuɓe shi aka kai Lakwaja, bai ajiye alƙalami ba. A 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita ƙarƙashin editancin Abubakar Imam, ta kawo wa Bahaushe labarin yaƙin Hitila da harshensa.

Misalin da ya fi dacewa da dattijon Farm Centre shi ne na Baba ta Karo. Tsohuwa ce, ba ta yi boko ba, ba 'yar sarauta ba ce. Tsakanin 1949 da 1950 ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, ta ba ta labarin rayuwarta, har da zamanin da mahara ke kama mutane a gona su sayar. Ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, kuma har gobe masana na komawa gare shi. Abin da ya bambanta ta da dubban tsofaffin zamaninta shi ne an samu wanda ya zauna ya saurara ya rubuta.

Ko a kwanan nan, maƙwabta sun nuna yadda ake yi. Da masu ɗauke da makamai suka kama Tambutu a 2012, Abdel Kader Haidara da iyalan da ke riƙe da tsofaffin littattafai suka riƙa cusa su cikin akwatunan ƙarfe, ana fitar da su a mota da kwalekwale zuwa Bamako. Ɗaruruwan dubbai suka tsira. Waɗanda aka bari a Cibiyar Ahmad Baba, an ƙona kusan 4,000 daga ciki a Janairun 2013.

6. Wutar cikin gida

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba 'yan bindiga kaɗai ke cinye abin tunawa a Kano ba. A 2007, shekaru biyar kafin harin 2012, an tara littattafan soyayya na Hausa an cinna musu wuta a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Marubutan da aka yi wa haka, waɗanda suka biyo sawun Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, su ne suka koya wa dubban mata karatun boko a aikace. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Kofa bayan suka daga wasu malamai. Mutumin da aka saba kira ɗan iska don ya riƙe alƙalami ko kyamara, da wuya ya yi kasadar taɓa labari mai zafi. Zai tsaya kan soyayya da kishiya, inda ya san ba za a kulle shi ba.

Hawan Sallah ma ya ga haka. An dakatar da shi a 2012 a tsakiyar shekarun tsoro, ya dawo, mutane suka cika titi. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake taƙama da su. Amma a 2024 da 2025 'yan sanda sun hana hawan saboda rikicin sarauta. Abin da bom ya kasa kashewa, rigimar gida ta ɗaure masa ƙafa.

Sannan ga sakaci. Tarihin Kano na shekaru ashirin ɗin nan yana cikin wayoyi ne, da memori, da shafukan Facebook da rukunan WhatsApp. Littattafan Hausa ma can suka koma. Waya kuwa tana faɗawa ruwa, ana ƙwace ta a lungu, ana sayar da ita ranar da babu cefane. Gobarar da ta tashi a kasuwar Farm Centre ranar Babbar Sallah ta 2025 an lissafa asararta da naira. Ba wanda ya lissafa abin da ke cikin wayoyin da aka kawo gyara.

7. Aikin da ba ya jiran kwangila

Wannan aiki ba gadar sama ba ce da sai an ware mata biliyoyi. Kayan aikinsa suna aljihun kowa.

Malamin Hausa a kowace sakandare ta Tarauni zai iya ba ɗalibansa aikin hutu guda: kowa ya zauna da babba ɗaya a gidansu, ya tambaye shi inda yake ranar 20 ga Janairun 2012, ya ɗauki muryar, ya rubuta shafi biyu. Aji ɗaya zai fitar da labari hamsin ko fiye. Wanda ba ya son sunansa ya fito, a sakaya shi.

Gidajen rediyon Kano, da suka kwana suna sanar da cigiyar waɗanda suka ɓata, suna da kaset da fayilolin da ya kamata a ba wa Jami'ar Bayero kofinsu, ko Gidan Mambayya, ko Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa, kafin kwamfutar da ke ɗauke da su ta yi irin mutuwar memorin dattijo. Reshen Kano na ƙungiyar marubuta ta ANA zai iya sa gasa guda kan shekarun hana fita, a buga abin da aka samu a takarda, da Hausa, a farashin da mai shayi zai iya saya. 'Yan Zoo Road kuwa, waɗanda suka iya jan shiri mai dogon zango har zango goma, ba za su rasa yadda za su ba da labarin mai acaba ɗaya da ya wayi gari a Janairun 2013 babu sana'a ba.

'Yan kasuwar Farm Centre su suka fi kowa sanin waɗanda suka rasu a Nuwamban 2015, don abokan rumfarsu ne da yaransu da masu sayayya. Allo ɗaya a bakin ƙofa, da sunaye da kwanan wata da roƙon a yi musu addu'a, bai kai kuɗin waya ɗaya daga cikin waɗanda ke cikin gilashi ba.

Dattijon nan bai jefar da mataccen memorinsa ba. Ya mayar da shi cikin takardar, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihun gaba. Ogan ya ce wa yaron ya raka Baba bakin titi ya tsayar masa da adaidaita. Suna tafe cikin cunkoso, yaron ya sake tambaya, wannan karon da murya ƙasa-ƙasa. Dattijo ya tsaya, ya nuna masa wani wuri da yatsa tsakanin rumfuna biyu, ya fara magana. Adaidaita uku suka wuce ba su tsayar ba. Wayar yaron tana hannunsa, da caji, da wurin ɗaukar murya, amma bai tuna ya danna ba.